Filin tambayoyinku: ɗakin ma'aikaci kusa da wurin aiki

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suka taru. Ma'aikata na kukan haya a tsakiyar Maraɗi, iyayen gidansu kuma na kukan makara. Mun zaɓi biyar. Duk kuɗin haya ko albashin da za ku gani a amsoshin misali ne don lissafi, kowa ya sa nasa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi a Sabon Gari, ma'aikata tara, kuma ƙarfe 3 na dare muke fara kwaɓi. Uku daga cikin yarana a Tibiri suke, ɗaya a Jiratawa. Da damina rabin wata a makare suke zuwa. Ina so su dawo kusa, amma ban san ta inda zan kama ba: in ƙara albashi, in riƙa ba su kuɗin mai, ko in kama musu gida?
— Wani Alhaji, Sabon Gari

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka fitar da ko dala, zaunar da su ɗaya bayan ɗaya ka ji wa yake son tashi. Mutumin da ke zaune a gidan gado a Tibiri, ga matarsa, ga gonarsa, ga tsohuwarsa, ba haya ce matsalarsa ba, kuma ko ka kama masa ɗaki ba zai daɗe a ciki ba. Shi abin da ke yi masa amfani wurin kwana ne a ranakun aiki: ɗaki mai taga, da katifa da gidan sauro, da wurin wanka, nesa da zafin tanda da rumbun fulawa. Ranar hutu ya koma gida.

Wanda kuma haya yake yi can don araha, yi masa lissafin hanya a gabansa. Tibiri zuwa tsakiyar gari kilomita 12 ne ko kusa da haka, zuwa da dawowa 24. A kwana 26 na aiki ya zama kilomita 624. Babur mai shan lita biyu da rabi a kilomita 100 zai sha kusan lita 16. A watan Yulin 2024 gwamnati ta mayar da lita sefa 499, to da wannan farashin mai kaɗai ya kusa jika 8, wato sefa dubu 8. Sa baƙin mai da faci da sarƙa, an wuce jika 10. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne. Ka ga mai ƙaramin albashi kusan rubu'in kuɗinsa a kan kwalta yake zubarwa.

Me ya hana shi dawowa gari, tunda haka ne? Yawanci ba kuɗin wata-wata ba ne. Dunƙulen shiga ne: mai gida na son watanni a gaba, ga kuɗin ajiya, ga la'adar dillali. Nan ne taimakonka ya fi tsada a wurinsa, ya fi araha a wurinka. A ce ɗakin jika 15 ne a wata, ana son wata uku a gaba, sauran ƙananan abubuwa su ci jika 15. Jimla jika 60. Ka ba shi abans, wato rance a kan albashi, ya biya jika 6 duk wata har wata goma, ba ƙari. Idan ka ware jika 240 ka sallami mutum huɗu a tashi ɗaya, duk wata jika 24 ke dawowa, a wata na uku ka sami na mutum na biyar. Asusun da kansa yake juyawa, kamar adashe.

Amma a yi shi da tsari. Je ka ga ɗakin da kanka, ko ka aiki babban yaronka, kuma a taka da ƙafa daga can zuwa gidan burodin. Idan tafiyar ta wuce minti 20 da dare, ba a rage komai ba. Kuɗin a hannun mai gida za a sa, a karɓi rasi. Abans ɗin da aka damƙa wa mutum a hannu ana saura mako biyu Sallah, ko matarsa na gab da haihuwa, rago yake zama, kuma ba don mugunta ba. Takardar haya ta fito da sunan ma'aikacin. Idan da sunanka ta fito, ranar da ya bar aiki kai mai gida zai biyo da bashin wata huɗu da kuɗin gyaran ƙofa. Sai takardar abans kwafi biyu, ɗauke da adadin kuɗin, abin da za a cire duk wata, watan farawa da na gamawa, da yadda za a yi da saura idan aiki ya ƙare. Dokar aiki ba ta bar uban gida ya yanki albashi yadda ya ga dama ba. Cirewa don biyan abans sai da amincewar ma'aikaci a rubuce gaban alƙali ko sufeton aiki, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. Ofishin sufeton aiki na jiha yana nan cikin gari, ku je tare. Mu shawararmu ga masu ƙaramin albashi, kada cirewar ta haura kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ta yi nauyi zai je ya ciwo wani bashin a kasuwa, an gudu ba a tsira ba.

Batun ƙarin albashi kuwa, idan za ka yi, ba shi suna: alawus ɗin gida, layinsa daban a takardar albashi. Ka sani abu ne mai wuyar janyewa idan an saba da shi, kuma yana shiga lissafin CNSS, asusun fanshon ma'aikata, da harajin albashi. Sannan kada a yi shela. Mai gidan haya da ya ji cewa Alhaji ne ke biya, wata mai zuwa ɗakin ya ƙara daraja.

Abu na ƙarshe, sauran biyar ɗin suna kallo. Faɗa wa kowa ƙa'idar tun farko: wanda ya fi nisa da wanda aikinsa na dare ne su ke gaba, sauran su bi layi.

Tambaya: Ni direba ne a wani kamfanin jigilar kaya. Daga Dakoro aka ɗauko ni shekara uku da suka wuce, aka ba ni ɗaki a harabar kamfani, ni da iyalina. Ana cire mini jika 10 duk wata, ba takarda. Yanzu ana raɗe-raɗin rage ma'aikata. Za a iya fitar da mu ranar da aka sallame ni?
— Wani direba, Maraɗi

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye hanya. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, ta ɗora wa uban gida samar da masauki ga ma'aikacin dindindin wanda ba ɗan wurin ba ne, ba nan ya saba zama ba, kuma ba zai iya samun wurin da zai ishe shi da iyalinsa da ƙarfin aljihunsa ba. Yanayinka ya yi kama da wannan, saboda haka kada ka ɗauki ɗakin a matsayin alfarmar da ba ka da bakin magana a kai.

Sai dai ɗakin da aka ba mutum saboda aiki, da aikin yake tafiya. Idan kwantiragi ya ƙare, haƙƙin zama ma ya kama hanyar ƙarewa. Wannan ba ya nufin a watso maka kaya waje da azahar. Muddin kana cikin wa'adin sanarwar sallama, kai ma'aikaci ne, ɗakin kuma naka ne. Bayan nan idan an sami saɓani, hukuma ce ke raba shi, ba mai gadi ba, ba kuma ta hanyar cire ƙofa ko yanke wuta ba.

Kada ka jira takardar sallama. Tattara takardun albashinka ka duba ko jika goman nan tana fitowa a jiki. Idan ba ta fitowa, rubuta wasiƙa cikin ladabi ka nemi a sa ta, ka riƙe kwafi. Ka nemi kuma a rubuta maka kwana nawa za a ba ka ka tashi idan aiki ya ƙare. Wata biyu abu ne da mai hankali zai nema, mai hankali kuma zai bayar, balle idan akwai yara a makaranta. Aka ƙi, sai ka kai maganar wurin sufeton aiki. Sulhu yake fara nema, ba a kuma biyan kuɗi a kansa. Ka tambaye shi har da kuɗin mayar da kai da iyalinka Dakoro, tunda daga can aka ɗauko ka.

Tambaya: Ina da makaranta mai zaman kanta a Ali Ɗan Sofo, kuma ina da fili mita 20 kan 20 ba nisa da ita. Malamaina nagari suna barina saboda haya. Ina tunanin gina musu ciki da falo huɗu. Me zan tanada, me zan kiyaye?
— Wata Hajiya, Ali Ɗan Sofo

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Mun ji daɗi da filin ba a cikin makarantar yake ba. Malamin da shugabarsa ke ganin wanda ya shiga ɗakinsa da abin da aka dafa masa, ba ya sakewa, kuma shi za a riƙa tasowa duk lokacin da makulli ya ɓace.

Fara da ƙasa kafin bulo. Garin nan ya san ruwa. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon gari ya hau tudu, ruwan ƙarshen Agustan 2024 kuma ya rusa gidaje da yawa ya ci rayuka. Ki je filin bayan an ɗauke ruwan sama ki ga inda yake kwanciya da inda yake bi. Daɓen ɗakuna ya ɗara titi da santimita 40 zuwa 50, domin titi tashi yake yi da shekaru, gida kuma ba ya tashi. Ki nemi izinin gini a ma'aikatar magajin gari kafin a haƙa tushe.

Ga lissafin bulo, don kada magini ya faɗi abin da ya ga dama. A ce kowane gida faɗinsa mita 3.5 ne, zurfinsa mita 7, wato ɗaki biyu. Huɗu a jere sun ba da mita 14 kan 7. Dogayen bango uku, gaba da tsakiya da baya, mita 42. Na tsaye biyar, mita 35. Jimla mita 77, a tsayin mita 3 ya zama murabba'in mita 231. Cire ƙofofi takwas da tagogi takwas, saura kamar 206. Bulo mai rami mai kaurin santimita 15 yana shiga 12 da rabi a kowane murabba'in mita, wato kusan 2,600, ki sa 2,700 saboda fashewa. Buhun siminti mai kilo 50 ya fitar da bulo 30, to buhu 90 ke nan, tan huɗu da rabi. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta ƙayyade tan na siminti mai lamba 32.5 a kan jika 57 a jihar Maraɗi. Ki tambayi farashin yau, ki ninka. Wannan bulo ne kawai. Tushe, ginshiƙai, ɗamarar kankare, shafe da daɓe za su ci kusan ninki biyu na wannan simintin, ban da katanga da ban-ɗaki.

Inda ake cutar masu gini shi ne wurin buga bulo. Mai bugawa zai ce zai fitar miki da 45 a buhu don ki ji daɗi. Irin wannan bulon da farce ake kankare shi, damina biyu ya fara zuba daga ƙasa. A tsaya a 30, yashi ya zama mai tsabta ba laka, a shayar da bulon safe da yamma kwana bakwai, kada a ɗora shi sai ya yi mako biyu zuwa uku. Ki ɗauki ɗaya ki sake shi daga daidai ƙugu: mai kyau ba ya wargajewa. Rufin kwano a ɗaure katakonsa ko ƙarfensa da ɗamarar kankare, ba a jera masa duwatsu a kai ba, saboda iskar farkon damina rufin da ba a ɗaure ba take fara ɗauka. A sa silin, a bar ramukan iska a sama gaba da baya. Wanda ya kwana ƙarƙashin kwano tsirara a watan Afrilu ba zai iya tsayuwa gaban allo da safe ba.

Abin da ke raba maƙwabta a irin wannan gida ba bango ba ne, wuta ce da ruwa da ban-ɗaki. Kowane gida ya sami kontar wutar NIGELEC tasa. Gida huɗu a kan konta ɗaya suna haura matakin farashi mai rahusa, sannan a yi ta gardama kan wanda ke da firij da wanda ke guga. Ruwa ma hawa-hawa ake biyansa, mita kubik 10 na farko a wata su ne masu araha. Idan famfo ɗaya za a ja, a sa wa kowa ƙaramar konta, ko a rubuta rabon kuɗin bisa yawan mutanen kowane gida. Ban-ɗaki aƙalla biyu, makewayin wanka daban, ramin kuma kusa da katangar titi inda motar kwashewa za ta kai tiyo.

Ki yanke shawara tun yanzu: na masu iyali ne ko na gwauraye? Magidanci ba zai bar matarsa a tsakar gida ɗaya da samari ba. Idan za a haɗa, a raba da katanga, kowane ɓangare da ƙofarsa.

Kada ki bayar kyauta. Ki sa haya ƙasa da ta unguwa, ko da rabi ne, ki ware kuɗin don gyara. Gidan da ba a biya ba wanda ke gyara masa famfo. Takardar zama kuma ta zama daban da kwantiragin koyarwa, a rubuta cewa malamin da ya bar aiki a tsakiyar shekara yana da wata biyu ya tashi.

Tambaya: Ni ne akawun wani kamfanin sayar da kayan gini, mu 30 ne. Mai kamfanin ya ce in kawo tsarin da za a taimaka wa tsofaffin ma'aikata su mallaki fili. Mu ba da bashi da kanmu, ko mu haɗa su da banki?
— Wani akawu, Zariya 2

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun suna yiwuwa, kowanne da inda yake cizo.

Ta hanyar banki, aikin kamfani takardu ne: shaidar aiki, takardun albashin watannin baya, da alkawarin cewa albashin mutumin ta wannan banki zai riƙa bi har ya gama biya. Bankuna sun fi sakin jiki da mai kwantiragin dindindin da ke da lambar CNSS, kuma galibi ba sa barin biyan wata ya wuce sulusin albashi. Mai jika 150 zai biya jika 50, a shekara biyar miliyan 3 ke nan, amma cikinta har da ribar banki da inshora da kuɗin buɗe fayil, abin da zai shiga hannunsa bai kai haka ba. Akwai Bankin Gidaje na Nijar, BHN, da aka buɗe a ƙarshen 2018 don wannan harka, akwai kuma Bankin Musulunci, BIN, ga wanda ba ya son bashi mai ruwa. Mutum 30 idan suka je a dunƙule sun fi ƙarfin ciniki a kan mutum ɗaya. Ka karanta abin da mai kamfani zai sa wa hannu da kyau. Alkawarin tura albashi daban, tsaya wa mutum daban. Wanda ya tsaya wa ma'aikaci, shi banki zai kama ranar da biya ya tsaya.

Idan kamfani ne zai bayar, ya zama rance ba ƙari, a sa masa iyaka, misali albashin wata shida, ga wanda ya shekara uku ko fiye. A biya mai filin kai tsaye, kuma sai bayan bincike. A karɓi lambar rukuni da lambar fili a kai sashen filaye na ma'aikatar magajin gari, a tabbata rabon filayen halastacce ne, sunan da ke kan takardar akt da sesiyon, wato takardar ba da fili, shi ne na rajista, wurin kuma ba hanya ba ne ko filin da aka ware wa makaranta. A ɗauki mai awon fili ya nuna turakun iyaka huɗu a ƙasa. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon labari ba ne. Filin gado kuwa sai duk magada sun sa hannu. A canza suna zuwa na ma'aikacin, ba na kamfani ba. Ku sani kuma ajiye takardar fili a durowar ofis ba jingina ba ce a idon doka. Jingina ta gaskiya sai da titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallaka, da rajista ta hannun noter, mai tabbatar da takardu a doka, abin da bai cancanci wahalarsa ba a kan ƙaramin rance.

Wani abu da ake mantawa: fili ba ɗaki ba ne. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikatanta bashin albashi da filaye, kuma ba kowa ya iya ginawa ba, wasu sayarwa suka yi don buƙatar yau. Mutumin da ke biyan haya, yana biyan rancen fili, ba shi da abin sayen bulo. Saboda haka ku raba rancen kashi biyu: na fili, sannan idan ya biya rabi a buɗe masa na ɗaki ɗaya da ban-ɗaki da katanga, ya shiga ya daina biyan haya. Ku da kuke sayar da siminti da kwano, ba shi kaya a farashin sari ya fi masa kuɗi a hannu.

Ku kuma duba nisa. Fili mai araha can bayan gari, inda ba famfo ba turken wuta, zai mayar da ma'aikacinku cikin lissafin man da muka yi wa Alhaji a sama. Araha ba ta ado. Ƙaramin fili mai murabba'in mita 200 ko 300 inda adaidaita ke zuwa ya fi 600 a inda sai an yi shekaru kafin ruwa ya kai. A takardar rance a rubuta abin da zai faru idan mutum ya bar aiki ko ya rasu: a ci gaba da biya wata-wata, ko a yafe wani kaso, amma kada a bar wa marayu da mai kamfani su yi wannan ciniki a zaman makoki.

Tambaya: Mai gadina a shagona yake kwana. Zan iya lissafa wannan a matsayin na ba shi gida, in rage masa albashi?
— Wani ɗan kasuwa, Babbar Kasuwa

Amsa: A'a, Alhaji. Tabarmar da ke bakin shago wurin aikinsa ce, gadi yake yi a kanta. Gida shi ne inda zai rufe ƙofa ya yi barci da rana ba mai tashinsa, ya ajiye kayansa, iyalinsa su zo. Albashinsa kada ya gaza jika 42, ka yi masa rajistar CNSS, idan kuma kana son ya zauna kusa, abans ɗin shiga haya da muka bayyana a amsar farko zai yi masa.